Kafin Tsofaffi Su Tafi da Sunayen Kakanninmu

Tambayi duk saurayin da ka ga dama sunan kakansa na wajen uba, zai faɗa maka nan take. Ka ce to uban kakan fa? Sai ya fara sosa ƙeya. In ka juya wajen uwa kuwa, galibi magana ta ƙare tun ba a je ko'ina ba. Ba wai Bahaushe bai damu da asalinsa ba ne, ai mutumin da ke bincike har gida bakwai kafin ya ba da 'yarsa aure ba za a ce bai san darajar asali ba. Abin da ya faru shi ne mun bar tarihin gidajenmu a bakin tsofaffi kawai, su kuwa kullum tafiya suke yi.

Al'adarmu ma tana taimakawa wajen ɓatar da sunaye. Alkunya ta hana mace ta kira sunan mijinta ko na ɗanta na fari. Yaron da aka yi wa kaka takwara da shi ba a kiransa da sunan yanka, sai Abba ko Baba, yarinya kuma Ummi ko Iya. Mutum ya rayu shekara tamanin ana ce masa Ɗanlami ko Maikano, ya rasu jikokinsa ba su taɓa jin cewa Muhammadu aka raɗa masa ba. Da makarantar boko ta zo, sai aka riƙa liƙa wa yara sunan garinsu a rajista. Shi ya sa muke da Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sunan gari ya zauna a takarda, sunan kaka ya fita.

Wani zai ce me sanin nan zai ƙara masa? Alƙalan kotun shari'a sun fi kowa sanin amsa. Gonar da aka bari ba a raba ba har magada suka mutu, magadan magada su ma suka bi su, ba ta rabuwa sai an san wa ya riga wa rasuwa, kuma wa ya haifi wa. Ga batun shayarwa: nono yana haramta aure kamar yadda jini ke haramtawa, kuma ba wanda ya san wadda ta shayar da wane sai matan da aka yi abin a gabansu. Ga kuma cututtukan da ke bin jini irin su sikila, a al'ummar da ke yawan auren zumunci. Malamai sun daɗe suna karantar da cewa a nemi sanin dangantaka gwargwadon abin da za a sada zumunci da shi, domin wanda ba ka sani ba, ba za ka ziyarce shi ba.

Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, amma ba sai an kafa wata sabuwar ƙungiya ba. Gidaje da yawa suna da ƙungiyar zumunci wadda ke taro bayan Sallah, a yi addu'a, a ci abinci, a tara gudummawa, a ɗauki hoto a watse. A ganina nan ne ake asara mafi girma, domin ranar ce kaɗai ake samun dattawan zuri'a a inuwa ɗaya. Da za a ware mutum uku ko huɗu, a sa mace a ciki, a sa wanda ya iya karatun ajami, a ce aikinsu rubuta salsalar gidan, da taron ya bar abin da ya fi hoto.

Su fara da tsofaffin mata. Dattijo zai lissafa maka maza, wane ya haifi wane, da wanda ya yi sarauta da wanda ya je Makka a ƙasa. Goggo da inna su ne suka san wadda aka aura aka saki, da ɗan da aka ba da riƙo, da tagwayen da suka koma tun suna jarirai, da dalilin da ya sa reshe guda na gidan ya yi ƙaura ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Wanda ke shakka ya dubi labarin Baba mutuniyar Karo. Tsohuwa ce da ba ta yi boko ba, an haife ta wajajen 1877. A ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a Giwa ta ƙasar Zazzau, ta ba ta labarin rayuwarta da Hausa: asalin gidansu na Barebari, rinjin iyayenta, harin masu kamun bayi, zuwan Turawa, aure-aurenta huɗu, da 'ya'yan da ta riƙa tunda Allah bai ba ta haihuwa ba. Baba ta rasu a 1951, littafin da Mary Smith ta rubuta na labarin nata ya fito a 1954, har yau ana karantar da shi a jami'o'i. Da baƙuwar nan ta yi jinkirin shekara biyu, da duk ya tafi kushewa. Irin Baba suna nan a ɗakunan gidajenmu, muna wuce su da gaisuwa.

Hira da tsoho tana da ladabi. Ba a zuwa masa da takarda kamar mai karɓar haraji. A je da goro, a nemi izininsa kafin a kunna waya a naɗi murya, a bar shi ya yi ta kewaye-kewayensa, sau da yawa a cikin kewayen ne abin nema yake. Kada a ce wace shekara aka haife ka. A ce wane sarki ne a kan gado, ko kana da wayo lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo, wato 1956. An yi auren kafin a koma tuƙi ta hannun dama a 1972, ko bayan fitowar naira a 1973? In aka ce kaka ya zo garin a shekarar yunwar Kakalaba, ana nufin wajajen 1914. In aka ce ya riga jirgin ƙasa zuwa Kano, to kafin 1911 ke nan. Da haka ake ɗaure labari da shekara. A tambayi zanen fuskar gidan, da kirarinsu, da abokan wasansu, domin duk suna nuna inda aka fito.

Sai takardu. A buɗe tsohuwar adaka da gafakar malam. Malamai da dama kan rubuta haihuwa da rasuwa a gefen littafi, mai kwafar littafi kuma yakan sa sunansa da na mahaifinsa a ƙarshe. Takardar gona, rasiɗin haraji, fasfon aikin hajji, wasiƙar ajami, duk shaida ne. Hoton da ba a rubuta sunayen mutanen ciki ba, da zarar mai gane su ya rasu ya zama hoton baƙi. Wanda ya so zurfafawa akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Arewa House a Kaduna, inda ake samun rahotannin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta kan gundumomi, har da asalin garuruwa da jerin dagatai. Akwai Gidan Ɗan Hausa a Kano, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Rubuta asali ba baƙon abu ba ne gare mu: tun wajajen 1650 aka rubuta littafin asalin Wangarawan Kano da zuwan kakansu Shehu Abdurrahman Zaite.

Kada a yi mamaki in zaren ya ƙetare iyaka. Fataken goro sun bar zuri'a a Salaga da zangon Kumasi. Waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 jikokinsu suna garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu a Sudan, tare da zuri'ar alhazan ƙafa da guzuri ya yanke musu a hanya.

Inda aikin ya fi wuya shi ne wajen faɗin gaskiya. Kusan kowane gida yana son a ce daga Gabas ya fito, ko jinin sarauta ne, ko sharifi. Wasu haka ne, wasu kuwa maroƙi ne ya ɗora musu, suka ji daɗi suka riƙe. Ba a haramta bauta gaba ɗaya a dokar Arewacin Nijeriya ba sai 1936, don haka gidaje masu yawa, har da manya, suna da kaka ko kakar da ta shigo ta wannan hanya. Wannan ba abin gori ba ne, ba kuma dalilin goge sunanta ba ne. Addini ya yi kashedi mai tsanani ga mai jingina kansa ga uban da ba nasa ba. Mafita ita ce a rubuta kowane labari da sunan wanda ya ba da shi da ranar da ya bayar, in biyu sun saɓa a ajiye duka biyun. Abin da zai tona asirin wani mai rai, dattawan gida su yanke yadda za a yi da shi.

In an gama, a buga kwafi da yawa a raba wa kowane reshe na zuri'a, kada a dogara da waya guda da za ta iya faɗawa ruwa. Wanda kuma ke da tsoho ko tsohuwa a gida, kada ya jira taron Sallah, ya je wurinsu cikin makon nan.