Ƙarin batir ba ya ƙara wa tocila haske mai ɗorewa

Daga Ƙofar Doka har Babban Dodo, da zarar an ɗauke wuta bayan magariba, tocila ce ke riƙe da birnin Zazzau: mai shayi, mai tsire, ɗalibin karatun dare a Limancin Kona, kowa da tasa. Shi ya sa samari suka tsiro da yayin farke tocila don su ƙara mata ƙarfi. Sha'awar ba laifi ba ce, masu gyaran rediyo da yawa da farke kayan gida suka fara. Abin da na gaji da ji a majalisu shi ne wai ƙwan LED ba ya zafi kuma ba ya ƙonewa, saboda haka ko batir nawa aka jona masa, haske kawai zai ƙaru.

Wannan magana ba gaskiya ba ce. Farin ƙwan LED, wanda ya samo asali daga shuɗin ƙwan da ya jawo wa masana uku haifaffun Japan lambar Nobel a 2014, yana aiki ne da bolt 3 zuwa 3.4. Ƙananan nan da ake jerawa a tocila mai araha, miliamfa 20 ce cimar kowannensu. To amma ƙwan tamkar doki ne marar linzami: ka ƙara masa rabin bolt, wutar da zai zuƙa ta ninka sau da yawa. Linzamin shi ne ɗan abin nan mai zane-zanen launi da masu gyara ke kira resista, ko ƙaramin allon da ke bayan ƙwan. Abin takaici, shi ne farkon abin da sabon shiga ke cirewa, wai yana tare wuta. Ai aikinsa ke nan!

Masu cewa ba ya zafi gilashin gaba suke taɓawa. Zafin LED ta baya yake fita, ta gindin da aka liƙa shi, kuma yana ƙara zafi yana ƙara jan wuta. Yaro zai jera batir biyu na tsohuwar kwamfutar hannu, bolt 8.4 ke nan idan sun cika, ya kunna, zaure ya haske fayau, abokai su yi ta tafi. Ba a jimawa sai hasken ya koma shuɗi-shuɗi, ya dushe, warin roba ya tashi. Maimakon ya gane, sai ya ce ƙwan jabu ne, ya nufi kasuwar Sabon Gari ya sayo wani ya sake ƙonawa. Har na batirin babur mai bolt 12 akwai masu gwadawa. Kuma ko ƙwan bai mutu ba, ido ba ya ganin ninkin haske a matsayin ninki. Ka cinye caji, ka gajarta ran ƙwan, ribar kaɗan ce. Sau da yawa ma dushewar tocila daga tsatsar makunni ce ko ƙurar gilashi.

Asarar ƙwai mai sauƙi ce idan aka kwatanta da abin da batir ke iya yi. Tocilolin caji masu arha da ake sokawa kai tsaye a bango, yawanci ɗan batirin dalma mai bolt 4 ne a cikinsu, kuma cajarsu ba ta san batir ya cika ba. Duk wanda ya cire shi ya sa na litiyam, irin dogon nan 18650, ya bar tsohuwar cajar, ya ajiye gobara a ɗakinsa. Litiyam ba ya jure wuce bolt 4.2. Kamfanin Samsung ma, da duk injiniyoyinsa, sai da ya janye wayar Galaxy Note 7 a 2016 saboda batirinta na kamawa da wuta, balle yaro mai reza da salatif a ɗakin da katifa ke jingine da buhun littattafai, gida na manne da gida.

Wanda ya nace sai ya gwada, bismillah, amma ya fara da tocila mai batir ɗin Tiger Head, ba mai shiga bango ba, domin waccan idan tana jone wayoyinta na ciki na iya ɗauke da wutar NEPA. Batir ɗaya na litiyam ya isa, kada a jera biyu. A haɗa shi da ɗan allon caji na TP4056, mai kariya, a riƙa caji da cajar waya. A bar resista a wurinsa. Idan an canja ƙwai zuwa babba, a liƙa shi a kan farantin alminiyam don zafi ya sami mafita. Kada a ɗora ƙarfen liƙi a jikin batir, a sa shi a gidansa na roba. Batirin da ya kumbura, ya lotsa, ko rigarsa ta yage, ya gama aiki. Wanda aka rubuta wa 9,900 mAh kuwa ƙarya ce tsagwaronta, nagartaccen 18650 bai cika wuce 3,500 ba. A ari mitar auna wuta wurin mai gyara kafin a jona komai, kuma iyaye su hana caji a kan katifa ko cikin dare ana barci. Mataccen batir a naɗe bakinsa biyu da salatif a ajiye shi daban, kada a jefa shi a bolar unguwa, domin ana cinna mata wuta kuma yara na tono a ciki.