Kayan Zaƙin Mutanen Shan da Watanninsu

A gabashin ƙasar Bama, wadda hukumominta suka mayar da sunanta Miyanma a 1989, akwai wani yanki mai tuddai da kwaruruka da ake kira Jihar Shan, wanda ya fi kowace jiha ta ƙasar faɗi, ya kuma yi iyaka da Sin da Lawos da Tailan, babban birninsa kuwa Taunggyi. Mutanen Shan na wannan yanki, waɗanda Tai suke kiran kansu, dangin mutanen Tailan da Lawos ne ta fuskar harshe, galibinsu mabiya addinin Buddha ne masu noman shinkafa a fadamu, kuma sun daɗe ƙarƙashin sarakunansu na gado da ake ce wa saofa, har zuwa 1959 da sarakunan suka miƙa mulki ga gwamnati. Wanda ya nufi sanin al'adar waɗannan mutane, lalle ne ya dubi kayan zaƙinsu, domin a asali ba abin tauna ba ne da mutum zai saya don marmarin kansa duk sa'ad da ya ga dama. Kowane iri yana da watansa da munasabarsa, da kuma waɗanda ake fara kai wa kafin masu gida su ɗanɗana.

Kayan haɗin ba su da yawa: shinkafa mai danƙo, fara ko mai duhu, da mazarƙwaila, da riɗi, da gyaɗa, da kwakwa. Ba ruwansu da madara ko man shanu, alkama ma ba ta cika shiga ba, kuma tun da yake kusan dukkan waɗannan abubuwa amfanin gona ne da ke zuwa gida bayan damina, ba abin mamaki ba ne lokacin sanyi ya zama shi ne lokacin zaƙi.

Wanda ya fi shahara shi ne khao puk, abincin sabuwar shekararsu, wadda takan kama a ƙarshen Nuwamba ko cikin Disamba bisa lissafin wata, a daidai lokacin da sabuwar shinkafa ta shiga rumbu. A ƙarshen 2023 ne suka shiga shekara ta 2118 ta ƙidayarsu. Akan jiƙa shinkafar ta kwana, a turara ta a madambaci, sa'an nan tun da zafinta a juye a turmi, majiya ƙarfi su yi ta kirɓawa yayin da wani ke tsugune a gefe yana juya ta yana barbaɗa soyayyen riɗi da ɗan gishiri don kada ta kama taɓarya, har ƙwayar ta ɓace ta zama curi guda mai yauƙi kamar sakwara. Daga nan a yayyanka, a faɗaɗa kowane yanki a kan ganyen ayaba, a bar shi ya sha iska. Idan ya bushe yakan yi kwanaki bai lalace ba, kuma ranar da za a ci sai a ɗora a kan garwashi, ya kumbura, bayansa ya yi ɓawo cikinsa ya yi laushi, a zuba masa gutsuren mazarƙwaila a naɗe. Aiki ne da mutum ɗaya ba ya iya shi, shi ya sa ranar kirɓa ta zama ranar taruwar dangi da maƙwabta.

A wata na uku na shekararsu, wajen Fabrairu, bayan an matse rake an dafa ruwansa, sai lokacin khao yaku, wato turararriyar shinkafa da ake gaurayawa da narkakkiyar mazarƙwaila a babban kasko, a zuba gyaɗa da kwakwa da riɗi, ta fito ja jawur, a shimfiɗa a yanka. A nan ne manufar al'amarin ta fi bayyana. A aƙidar mabiya Buddha, ciyar da ruhubanawansu, waɗanda ba sa noma, ba sa cin abinci bayan rana ta take, yana daga mafifitan ayyukan neman lada, saboda haka kason farko gidan ibada ake kai shi tun da sassafe, sa'an nan dattawa, sa'an nan a bi gida-gida, har mai wucewa a hanya a miƙa masa. Gidan da ya dafa, sau da yawa shi ne yake ƙarewa da ɗan abin da ya rage, sai dai shi ma na maƙwabta yana nan tafe. Ko da mutum bai yi tarayya da su a aƙida ba, adalci ne ya yaba wa al'ummar da ta mai da mafi daɗin abincinta abin kyauta.

Cikin Afrilu, lokacin bikin watsa ruwa, akan yi khao mun, ƙullin garin shinkafa mai zaƙi da ake naɗewa a ganyen ayaba a turara, matasa su kai wa tsofaffi tare da neman gafararsu. A wannan tsakanin ne kuma ake bikin Poi Sang Long, inda ake yi wa yara maza ado irin na 'ya'yan sarakuna, a ɗauke su a kafaɗa har kwana uku kafin su shiga gidan ibada neman ilimi. Iyayen yaro sukan tara mata tun da sauran kwanaki, a fasa shinkafa a wuta, a dunƙula ta da ruwan rake, domin baƙin da za su cika gida.

Akwai kuma wani jinsin kayan zaƙi dabam da ya shigo ta hanyar fatauci da cuɗanya da Bamawa, wanda aka fi sani a lardin Mae Hong Son na arewacin Tailan, inda mutanen Shan suke da yawa tun ƙarni na 19. Daga ciki akwai suay tamin, shinkafa mai danƙo da ruwan kwakwa da rake, da peng mong, da alawa, wadda asalinta halwar Indiyawa ce da ta bi ta Bama, aka musanya alkama da garin shinkafa. Ana tuƙa ta a faffaɗan kasko har ta yi kauri, a kwarara mata kakkauran ruwan kwakwa a sama, a rufe da faifan ƙarfe, a hura wutar ɓawon kwakwa a bisa murfin, sai fuskarta ta yi ja ta ɗauki ƙanshin hayaƙi. Da shayi marar sukari ake korawa, irin wanda ƙabilar Palaung ke nomawa a tsaunukan Namhsan na Jihar Shan.

Yaƙe-yaƙen da suka addabi Jihar Shan shekara da shekaru sun taɓa wannan tsari ƙwarai. Tsakanin 1996 da 1998 kaɗai sojojin gwamnatin Bama sun tashi fiye da mutum 300,000 daga ƙauyukansu a tsakiyar jihar, da yawa suka tsallaka Tailan suna ƙodago a gonaki da wuraren gini, inda ba su da rumbu balle turmi. A birnin Chiang Mai na Tailan, gidajen ibada irin su Wat Pa Pao da Wat Ku Tao ne suka zama matattararsu a ranakun biki, kuma a harabarsu mata ke kasa khao puk na sayarwa, a gasa wa mutum nan take ya biya, har da Tailawa da 'yan yawon buɗe ido a cikin masu saye.