Tura iri ɗaya, hukunci biyu: wa ke da ƙwallo lokacin da aka yi keta?

Daga filinmu na wasanni na daren Asabar

Zancen wannan mako ya samo asali ne daga wani wasan sada zumunci na ƙwallon kwando, wanda samari ke kira basket, da aka yi tsakanin yaranmu na nan da baƙi daga ƙetaren iyaka. An tashi wasan da tazarar maki ɗaya tak, baƙi suka hau motarsu rai a ɓace, suna cewa alƙalin wasa ya yi son kai, kuma ba za su karɓi yaranmu a wasan ramuwa ba. Wani mai saurarenmu, ɗan kasuwar dabbobi da ƙanensa ke cikin baƙin, ya bugo waya yana neman a faɗi gaskiya a rediyo, tunda mutane ne da ke haɗuwa a kasuwa ɗaya duk mako.

Ga abin da ya faru. Saura kamar minti biyu a tashi, wani ɗan wasan baƙi ya jefa ƙwallo kwando. Tana sama, abokinsa ya ture ɗan gida don ya samu wurin cafewa idan ta dawo. Aka busa usur, aka ba ƴan gida jifan kyauta biyu. Can saura daƙiƙu kaɗan, ƴan gida na miƙa wa juna ƙwallo, sai ɗayansu ya ture baƙon da ke tsaron abokinsa. Aka busa, amma ba a ba baƙi jifan kyauta ba, sai aka ce su jefo daga gefen fili. Kuma a lokacin duka ƙungiyoyin biyu sun riga sun wuce keta huɗu a wannan zango. Tura ce nan, tura ce can. To me ya sa hukunci ya bambanta?

Ina bakin filin a ranar, kuma ban ɓoye muku ba, ni ma da farko na ɗauka an danne baƙi. Sai da na koma na duba littafin dokokin FIBA, wato hukumar ƙwallon kwando ta duniya da aka kafa a Janeba ta ƙasar Suwizalan a 1932, na gane alƙalin nan bai kauce ko taku ɗaya ba.

Mu fara da ƙidayar keta

Keta ita ce taɓa jikin abokin karawa ta hanyar da doka ta hana: riƙe shi, ture shi, bugun hannunsa, sa masa ƙafa, ko tare masa hanya kana motsi. Wannan daban yake da kuskure irin na tafiya da ƙwallo a hannu ko taka layi. Idan kuna kallo, ku lura da hannun alƙali lokacin da ya busa. In ya ɗaga tafin hannu a buɗe, kuskure ne, ƙwallo kawai za a ba ɗaya ɓangaren. In ya ɗaga dunƙulallen hannu, keta ce, kuma za a rubuta ta.

Ana rubuta ta a wuri biyu. Na farko a kan ɗan wasan: idan ya cika biyar, ya gama wasa, sai a sa wani a madadinsa. Na biyu a kan ƙungiyarsa. Wasa zango huɗu ne, kowane minti 10. A kowane zango ana yafe wa ƙungiya keta huɗu, ma'ana idan ba a kan mai jifa kwando aka yi su ba, jifan gefe kawai ake bayarwa. Daga ta biyar kuwa sai tara ta hau: kowace keta, jifan kyauta biyu ga wanda aka yi wa. Shi ya sa a manyan wasanni ake kafa wata jar alama a kan teburin masu rubuta maki, ta ɓangaren ƙungiyar da ta cika huɗu, don kowa ya gani. Da an shiga sabon zango sai ƙidayar ƙungiya ta koma sifiri, amma ta ɗan wasa tana nan. In aka yi canjaras aka ƙara minti 5, ƙidayar zango na huɗu ce ke ci gaba.

Wanda aka yi wa keta yana cikin jifa kwando, nasa hukuncin bai jiran wata ƙidaya. In ta shiga, an ƙirga makin kuma yana da jifa ɗaya. In ba ta shiga ba, jifa biyu, ko uku idan daga bayan layin maki uku ya yi jifan, layin da ke da nisan mita 6.75 daga kwando.

Wannan ƙidaya tsohuwa ce. James Naismith, malamin motsa jiki ɗan ƙasar Kanada da ya ƙirƙiro wasan a garin Springfield na Amurka a Disamban 1891, dokoki 13 kacal ya rubuta, da kwandunan ɗiban ƴaƴan itace ya fara. Amma tun a ciki akwai cewa idan ɓangare ɗaya ya yi keta uku a jere, ba tare da ɗaya ɓangaren ya yi ko ɗaya ba, a ƙirga wa abokan karawa ci guda.

Mallakar ƙwallo

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Dokar tara tana da togaciya ɗaya: idan wanda ya yi ketar ɗan ƙungiyar da ke mallakar ƙwallo ne, ko ƙungiyar da ake shirin miƙa wa ƙwallo, babu jifan kyauta, ko da ƙungiyar ta yi keta goma a zangon. Za a rubuta masa, za a rubuta wa ƙungiyarsa, a karɓe ƙwallo a ba abokan karawa su jefo daga gefe. Shi ke nan.

To yaushe ake cewa ƙungiya na mallakar ƙwallo? Tana farawa ne lokacin da ɗan wasanta ya riƙe ƙwallo, ko yana buga ta a ƙasa yana tafiya, ko alƙali ya miƙa masa ita don jifan gefe ko na kyauta. Tana ci gaba ko da ƙwallon ta bar hannunsa, muddin miƙa wa abokinsa ya yi. Ƴan kasuwa kun fi ni sanin wannan. Ka ɗora buhunan wake a mota daga Maraɗi zuwa wajen ɗan'uwanka a Jibiya. Suna hanya, ba su hannunka, ba su hannunsa, amma kowa ya san kayan gidanku ne. Haka ƙwallon da ke sama tsakanin abokai biyu.

Mallakar tana yankewa ta hanya uku kawai. Ko abokin karawa ya karɓe ƙwallon ta zama a hannunsa, ko wasa ya tsaya, ko ƙwallon ta bar hannun mai jifa kwando. Ta ukun nan ita ce mutane ba su sani ba. Da zarar ta bar yatsunsa ta nufi kwando, ba ta kowa ba ce, har sai ta shiga ko wani ya cafe ta.

Mu koma wasanmu. Lokacin da baƙo ya ture ɗan gida, ƙwallo ta riga ta bar hannun mai jifa. Babu mai ita. Saboda haka togaciyar ba ta rufe shi ba, tara ta hau, aka ba da jifa biyu. Lokacin da ɗan gida ya ture baƙo kuwa, ƙwallo tana tsakanin ƴan gida suna miƙa wa juna, tasu ce. Togaciya ta shigo, hukuncinsu shi ne su rasa ƙwallon. Kuma sun rasa ta, baƙi sun samu damar kai hari na ƙarshe, jifansu ne bai shiga ba.

A ganina dokar tana da hankali. Mai ƙwallo a hannu yana da abin da za a ƙwace masa, kuma a wasan da ake tashi da tazarar maki ɗaya ko biyu, rasa hari guda ba ƙaramar asara ba ce. Wanda ya yi tura lokacin da ƙwallo ba ta kowa ba, ba shi da abin da za a karɓe a hannunsa, dole a ci shi tara ta wata hanya. Amma na yarda da mai wayarmu a abu ɗaya: ga wanda ke tsaye bakin fili, ido ba ya raba su. Rabin daƙiƙa ce tsakani. Alƙali yana da alamar da yake nunawa, dunƙulallen hannu a miƙe, don a san keta ce ta masu ƙwallo, amma wa ya taɓa koya wa ƴan kallonmu wannan?

Wurare biyu da ake yawan rikicewa

Na farko, mai tsaro ya doke ƙwallo daga hannun mai ita, tana gangarawa a ƙasa, kowa na wawaso. Yawanci a nan sai a ce ai ba ta kowa ba ce. A'a. Taɓawa ba karɓewa ba ce. Saniyar da ta ɓalle daga garke tana gudu a daji, ai ba ta tashi daga ta mai ita ba don wani ya kore ta da sanda. Har sai mai tsaron ya riƙe ƙwallon ko ya fara buga ta a ƙasa, ta masu hari ce. In ɗan masu hari ya ture wani a cikin wannan wawaso, babu jifan kyauta. In mai tsaro ne ya yi turar kuma ƙungiyarsa ta cika huɗu, akwai.

Na biyu, mai ƙwallo ya taso da gudu ya yi karo da mai tsaro. Laifin wa? Ana duba ko mai tsaron ya riga ya kafa ƙafafunsa biyu a ƙasa yana fuskantar mai zuwa kafin karon, kuma a ƙirji aka same shi. In haka ne, wurin nasa ne, mai ƙwallo ne ya yi keta. In kuwa shigowa ya yi a makare, ko ya miƙo kafaɗa, gwiwa ko ƙugu, shi ne mai laifi. Kuma idan mai hari ya riga ya yi tsalle, ba a shiga inda zai sauka. A nan ma lokacin sakin ƙwallo yana da muhimmanci. In ya banke mai tsaro ƙwallo na hannunsa, ko ta shiga kwando ba a ƙirgawa. In ya saki ƙwallon tukuna sannan ya faɗa kan mai tsaron da ya riga shi tsayuwa, ta shiga an ƙirga masa makinsa, amma an rubuta masa keta, kuma tunda ƙwallon ta fita daga mallakarsu, tara na iya hawa kansu. Akwai kuma wani rabin da'ira da ake zanawa ƙarƙashin kwando, inda mai tsaro ba zai je ya tsaya yana jiran mai tsalle ya faɗo masa don a rubuta wa wancan keta ba.

Agogo ma da mallaka yake aiki

Duk ƙidayar daƙiƙu da kuke ji, daga mallakar ƙwallo take tashi. Ƙungiya na da daƙiƙa 24 ta jefa ƙwallo ta taɓa zoben kwando ko ta shiga. Tana da 8 ta tsallako da ita daga rabin filinta. Ɗan wasanta ba ya wuce daƙiƙa 3 a jere cikin akwatin da ke ƙarƙashin kwandon da suke kai wa hari, amma da an saki jifa ƙidayar ukun ta tsaya, don mallaka ta yanke. In ƙwallo ta daki zobe masu hari suka sake cafewa, 14 ake ba su, ba 24 ba. Agogon 24 ɗin nan gasar NBA ta Amurka ce ta fara shi a 1954, saboda ƙungiyar da ke gaba takan riƙe ƙwallo ta ƙi jifa har lokaci ya ƙare. FIBA ta daɗe tana amfani da 30 kafin ta dawo 24 a shekarar 2000.

Tunda mun ambaci NBA, samari masu kallonta a waya su yi hattara, dokokinta ba duka ne irin namu ba. Can zango minti 12 ne, kuma sai keta shida ake fitar da ɗan wasa. Dokar FIBA ita ce ake bi a gasar ƙasashen Afirka, wadda mazan Najeriya suka ɗauka a Tunisiya a 2015 bayan doke Angola, matan Najeriya kuma suka ɗauka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025. Ita ce kuma ake bi a gasar ƙungiyoyi ta BAL da aka fara a Kigali a 2021. Saboda haka ita ce ya kamata a bi a filayenmu.

Wani makiyayi ya aiko saƙon murya yana tambaya: su yaran da suka bi alƙali da baƙar magana, babu hukunci a kansu? Akwai, baba. Zagi ko gardama da alƙali keta ce ta rashin ladabi, jifan kyauta ɗaya ne ga abokan karawa, kuma wannan bai duba wa ke da ƙwallo. Keta ta mugunta, wadda ba ƙwallo aka nufa ba sai jikin mutum, jifa biyu ne kuma ƙwallo ta koma hannun waɗanda aka yi wa. Wanda ya tara biyu daga cikin waɗannan, ko iri ɗaya ko gauraye, an kore shi daga wasan.

Abin da na lura ya ƙara hura wutar rikicin ranar shi ne babu tebur. Alƙali ɗaya ne ke busa, shi ke ƙirga keta a kansa, shi ke duba agogon hannunsa. Mun yi magana da masu horar da ƙungiyoyin biyu ta waya bayan shirin, sun amince a wasan ramuwa kowane ɓangare ya kawo mutum ɗaya su zauna tare da allo da alli suna rubuta keta, da jan ƙyalle biyu da za a ɗaga idan ƙungiya ta cika huɗu. Da sun tsayar da rana za mu sanar da ku a wannan fili.