Wa Ake Yi Wa Dariya? Zambo a Finafinan Koriya da Namu na Hausa

Gabatarwa

Malamanmu na adabi sun koya mana cewa zambo da habaici makamai ne na gyaran al'umma. Wannan ɗan rubutu zai duba yadda 'yan fim ɗin Koriya ta Kudu suka riƙi wannan makami domin kare marasa galihu, sannan ya waiwayo gida.

Misalai Daga Koriya

A fim ɗin Parasite na Bong Joon-ho (2019), iyalin Kim matalauta ne da ke zaune a ɗakin da rabinsa yana ƙarƙashin ƙasa. Da dabara suka sami aikatau a gidan attajiri Park. Mai kallo zai yi ta dariya, har daren da aka tafka ruwan sama: ga iyalin Park ni'ima ce, su kuwa iyalin Kim ruwan kwata ya cinye musu ɗaki. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar huɗu a 2020.

Shi kuwa He's on Duty (2010) labarin wani Bakoriye ne da ya rasa aiki, sai ya yi shigar burtu a matsayin ɗan ƙasar Bhutan, aka ɗauke shi a masana'anta. Nan ya ɗanɗani wulaƙancin da baƙin ma'aikata ke sha a hannun 'yan ƙasarsa.

Waiwaye Gida

Ni a GRA ta Maiduguri na tashi, inda galibin manyan gidaje ke da ɗakin barori a baya. Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, ambaliya ba ta zaɓi mai kuɗi ko talaka ba. To amma mai hali ya sami inda ya koma, talakawa da dama kuwa sai sansanin Bakassi. Parasite ce ta faɗo mini a rai.

Mu ma muna da gwanaye. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya sha yi wa masu mulki da mugayen masu kuɗi gugar zana. Sai dai sau da yawa finafinanmu na barkwanci kan mayar da ɗan ƙauye, ko naƙasasshe, ko mai gurguwar Hausa abin dariya. Hausa ba harshen uwata ba ce, saboda haka na san zafin abin: an sha kwaikwayon maganata a makaranta da muryar da aka ji a fim. Wani zai ce ai taubasantaka ce, irin ta Barebari da Fulani. Amma ita taubasantaka kowa yana da damar ramawa, a fim kuwa wanda aka tsokana ba shi da baki.

Kammalawa

A ganina, ba ƙasa ce ke bambanta zambo mai gyara da mai cin zarafi ba, wanda aka nufa da shi ne. In ya doki azzalumi, ya yi aikinsa. In kuwa ya sauka kan mai rauni, to an ƙara wa Barno dawaki ne a wajen zalunci. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai masu sha'awar rubutun fim, kafin mu sa jama'a dariya mu tambayi kanmu: wa ake yi wa ita?