Bango Ya Tashi, Rufi Sai Baɗi: Abin da Ke Tsayar da Gyaran Gida a Barmu

Wanda ya zaga cikin Barmu a watan Afrilu, lokacin da zafi ya kai maƙura kuma kowa ya fara duban gabas, zai ga ɗakunan bulo da suka kai tsayin ƙofa suka tsaya. Ƙarafa sun leƙo daga kusurwa sun fara tsatsa, awaki sun mai da tulin yashi wurin kwanciya, gefe guda kuma ga tsohon ɗakin laka da aka rushe rabinsa. In ka tambaya, amsa ba ta wuce uku: kwano muke jira, magini ya tafi, ko mai gidan bai aiko ba tukuna. Mafi yawan waɗannan ayyuka gyara ne. Ɗa ne ya yi niyyar fitar da mahaifiyarsa daga ɗakin da ke yoyo, ko saurayi ke son ɗakin da zai sa amarya. Haka abin yake a Afala da Kalfu da Takanamat, har cikin unguwannin birnin Tawa.

An saba ɗora laifin a kan mai sayar da kayan gini, kuma wani lokaci laifinsa ne. Amma na daɗe ina ganin cewa matsalar ta girme shi. A da, duk abin da ɗaki ke buƙata yana cikin tafiyar jaki: laka daga bakin tabki, dutse daga tudun Adar, kara da ciyawa daga gona, itace daga daji. In an yi ƙoƙari a sayo azara, wadda ake kawowa daga kudu inda giginya take. Gayya ce ke tayar da bango, fura ce ladan ma'aikata. Yau ɗakin da ake so na siminti ne da ƙarfe da kwano, da ƙofar walda da fenti. Kowanne daga cikinsu sai ya hau mota, wasu ma sai sun hau jirgin ruwa. An ɗaure ɗakin tsohuwa a Barmu da igiyar da ɗaya bakinta ke tashar jiragen ruwa ta Lome, alhali hanyar ciniki tana nan yadda kakanni suka bar ta: magana ta baki, da amana, da jin kunyar ido.

Mu fara da kuɗin. Adar ƙasar ƴan bida ce. Da wuya ka sami gida a arewacin Tawa da ba shi da wani a Abijan, ko Libiya, ko Aljeriya, ko Najeriya, ko Kamaru, ko wuraren haƙar zinariya na Jado da Cibarakaten da suka buɗe a 2014. Kuɗin gini daga can suke zuwa, ta hannun kamfanonin aike irin su Nita da Al Izza da Amana, kuma ba sa zuwa a dunƙule. Wannan wata jika ɗari, wata mai zuwa shiru, bayan sallah jika hamsin. Kafin su isa shagon kayan gini, akwai buhun hatsi da ya ƙare, da yaro da ba shi da lafiya, da sunan da ba a iya ƙi. Ɗan bida ya san haka, shi ya sa da yawa suka koma aika wa mai shago kai tsaye, a ce ya ajiye buhu kaza na siminti har ranar da za a ɗauka.

A nan ne abin da aka ɗauka magani yake zama tarko. Mai shago ba ya jingine buhu arba'in a lungu wata huɗu yana kallonsu. Siminti ba ya son ajiya. In ya wuce wata uku, musamman in ya sha laima, sai ya fara dunƙulewa ƙarfinsa ya ragu. Don haka yana juya kuɗin, da niyyar cika alkawari daga motar da za ta zo. In farashi bai motsa ba kuma mota ta zo, kowa ya rabu lafiya. In farashi ya tashi tsakanin ranar biya da ranar ɗauka, sai a shiga jan ƙafa. Mai shago ba ya so ya ce a ƙaro kuɗi, don an riga an yi magana. Ba ya kuma so ya ba da kaya a kan asara. Abin da ke fitowa daga bakinsa shi ne "mota na bisa hanya" da "jibi in Allah ya yarda". Wanda ɗan bida ya wakilta a gida ba zai iya ɗaga murya ba, saboda mai shagon nan shi ne ya ba gidan bashin shinkafa a damanar da ta wuce, wataƙila ma surukin wani ne a dangi.

Sau da yawa kuma motar da gaske tana bisa hanya, hanyar ce ta yi tsawo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakokin Najeriya da Benin. Ƙofar Illela da Birnin Ƙonni, wadda ita ce hancin da kasuwannin Tawa ke shaƙar iska da shi, ta kasance a rufe a hukumance har watan Maris na 2024, bayan an ɗage takunkumin a Fabrairu. Gadar Gaya da Malanbil kuwa Nijar ta ci gaba da rufe ta, sai kayan da a da ke shigowa ta Kwatano suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, inda manyan motoci ke jira a tara su ayari, sojoji su raka su ta Kaya da Dori zuwa Tera. Daga nan Yamai, daga Yamai kuma akwai kimanin kilomita 550 kafin Tawa. Fenti da tayil da makullai da wayar lantarki da wani kaso na ƙarfe duk sun ji wannan zagaye a jikinsu. Ɗan kasuwar Tawa da ya ce bai san ranar zuwan kayansa ba, a irin wannan hali, gaskiya ya faɗa.

Siminti ya kamata ya zama daban, domin jihar Tawa ce gidansa. Tun shekarun 1960 ake yin sa a Malbaza, kuma sabuwar masana'antar garin an gina ta ne don ta iya fitar da tan 650,000 a shekara. Ga wata kuma a Badagishiri, a kan hanyar Ƙonni zuwa Tawa. Bayan ambaliyar damanar 2024, wadda ta hallaka mutum kusan 400 a faɗin ƙasa, ta shafi fiye da miliyan ɗaya da rabi, ta kayar da dubban gidaje har da tsohon masallacin laka na Damagaram, gwamnati ta rage farashin siminti a watan Oktoba. An yanke tan ɗaya a kan jika 55 a Yamai, jika 51 a Tawa, wato sefa 51,000. Tan buhu 20 ne, buhu ya kama sefa 2,550 ke nan. Mataki ne mai kyau, ya kuma sa mutane da yawa da ba su taɓa mafarkin bulo ba suka fara lissafi. Sai dai farashin takarda a birni yake tsayawa. Daga Tawa zuwa Barmu akwai kuɗin mota, da na masu lodi da sauke, da na amalanken da zai kai ƙofar gida. Sannan in aka rage farashi a daidai lokacin da dubban gidaje suka faɗi, masu nema za su ninka, kuma idan layi ya yi tsawo, babban ɗan kwangila mai sayen tirela guda shi ake fara sallama. Mai buhu talatin daga ƙauye yana can baya.

Amma ko da kuɗi sun zo cif, kaya sun sauka a ranar da aka ce, akwai abin da ɗan bida da ke zaune a Abijan, inda ruwa ke zuba kusan kowane wata, yakan manta: kwanakin gini a arewacin Adar ƙidayayyu ne. Ana farawa bayan an kai amfanin gona rumbu, wajen Nuwamba. A lokacin tabkuna na da ruwa, sanyi ya shigo, bulo na bushewa a hankali yadda ake so. Daga Fabrairu ruwa ya fara ja baya. Zuwa Afrilu, jarkar ruwa ta zama abin saye da tsada, mata na kwana a bakin rijiya da famfo, zafi ya haura digiri 40. Siminti kuwa yana son a riƙa shayar da shi kwana bakwai aƙalla kafin ya yi ƙarfi. Wa zai zuba wa bango ruwa safe da yamma alhali dabbobi na kuka? Sai a taƙaita, bulo ya ƙone, bayan shekara biyu a ga yana marmashewa a ce mai shago ya sayar da siminti marar kyau. Da hadari ya haɗu a Yuni kuwa, magini da leburansa manoma ne, gona za su tafi, ƙoramu su yanke hanya, a ɗaga aiki sai kaka.

Wannan ne ya sa jinkirin sati uku a Barmu ba ƙaramin abu ba ne. Kwanon da aka yi alkawari a farkon Maris ya zo a ƙarshensa, magini ya riga ya karɓi kafin alƙalami a wani gida, domin shi ma ba zai zauna jiran kayan wani ba. Maginan kirki ba su da yawa. Tun ayyukan Tawa Sakola na bikin 18 ga Disamban 2017, birni ya ja da yawa daga cikinsu, wasu kuma sun gano cewa hannunsu ya fi tsada a Libiya da Aljeriya. Wanda ya rage yana riƙe da aiki uku ko huɗu a lokaci guda, yana yi wa kowa kwana biyu don kada a ce ya gudu. Kafin ya dawo, ruwan farko ya sauka a kan ɗaki marar rufi.

Asarar kuɗi a bayyane take: buhunan da suka daskare, katakon da ya lanƙwashe a rana, yashin da iska ta kwashe, farashin da ya ƙaru. Wadda ta fi ci mini rai ita ce ta zumunci. Na ga yadda aka yi a danginmu. Yaya yana waje yana aiko da kuɗi, ƙane yana gida yana tsaye a kan aiki. Kowane dare sai saƙon murya ta WhatsApp: a turo hoto. Hoton jiya da na yau duk ɗaya. Yaya ya fara lissafi a zuci, matarsa ta ce wani abu, wani ɗan gari da ya je can ya ƙara gishiri. Ƙanen nan bai ci ko dala ba. Kuɗin suna hannun mai shago da mai walda da ya ce wuta ba ta samuwa. Amma ba shi da takarda ko ɗaya da zai nuna, kuma kunya ta hana shi ya ce wa yayansa "ga wanda ya riƙe", don kada a ce ya tona asirin mutumin gari. Shekara guda ba su yi magana ta daɗi ba. Ita kuwa tsohuwar da aka rushe wa ɗaki don a gyara, a ɗakin kishiyarta ta yi damana.

Ban ce a koma wa laka don gudun wahala ba. Wanda bango ya faɗo wa cikin dare a 2024 yana da hujjar son siminti, kuma yaɓen kowace shekara ya yi wa gidajen da mazansu ke bida nauyi. Itacen rufi ma ya yi wuya. Amma ina ganin mun yi saurin raina abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu. A Yama, nan cikin jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da laka a 1962, ginin da ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine a 1986. A Dandaji, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, aka kammala a 2018, tsohon masallacin kuma aka mai da shi ɗakin karatu. Tun 1980 aka fara koyar da gini marar itace a Cikal, wato rufe ɗaki da tubali kawai. Duk waɗannan suna rage yawan abin da sai an jira mota, kuma ɗakinsu ya fi na kwano sanyi a watan Mayu. Matsalarsu ɗaya: a idon gari, wanda ya dawo daga bida ya yi ginin ƙasa kamar bai samo ba ne. Wannan kallo yana da hannu a cikin bangayen da ke tsaye babu rufi, ko da yake ba a cika faɗa ba.

Waɗanda na ga sun gama aikinsu cikin rani ɗaya ba su fi kowa kuɗi ba. Sun juya tsarin saye ne. Abin da ba ya lalacewa kuma daga nesa yake zuwa, wato kwano da ƙarfe da ƙofa da taga, shi suka fara saye tun damana, suka kai gida suka kulle, ba su bar shi ajiya a shago ba. Yashi da tsakuwa aka tara da kaka. Siminti ne na ƙarshe, kuɗi hannu kaya hannu, gwargwadon abin da za a yi aiki da shi cikin sati biyu. Magini an yi jinga da shi mataki-mataki: tushe, bango, rufi, yaɓe, kowane mataki da kuɗinsa bayan an gama. Kuma ba su taɓa tsohon ɗaki ba sai da kwano ya shigo gida. In dole ta sa a bar kuɗi a shago, ana rubuta yawan buhu da farashi da ranar ɗauka, da boko ko da ajami, a gaban shaidu biyu, a ɗauki hoton takardar a tura wa mai kuɗin. Wasu na ganin neman takarda rashin yarda ne, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Masu shagon da na sani masu gaskiya sun fi kowa son haka, domin su ma an sha zarginsu a kan buhunan da ba a taɓa biya ba.

Akwai abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya. Muddin babu wurin ajiyar siminti na hukuma ko na ƴan kasuwa masu ƙarfi a manyan garuruwan karkara irin su Barmu, farashin da aka yanke zai ci gaba da zama na mutanen birni. Ƙungiyoyin ƴan gari da ke Abijan da sauran wurare sun saba haɗa kuɗi su gina masallaci ko su kai gawa gida. Haɗa odar gidaje goma a cika mota guda daga Malbaza a watan Nuwamba bai fi wannan wuya ba, kuma mai mota guda ba ya tsayawa a layin da mai buhu talatin ke tsayawa.