NFL: Yadda ake sallamar 'yan wasa kusan 1,200 a yini ɗaya, da dalilin da ya sa masu cafe ƙwallo ke shan wuya

Kowace shekara, daf da buɗe kaka, akwai wata rana da 'yan ƙwallon Amurka ba sa son jin wayarsu ta yi ƙara. A ranar dole kowace ƙungiya cikin 32 da ke gasar NFL ta rage 'yan wasanta daga 90 zuwa 53. A 2025 ranar ta faɗo Talata 26 ga Agusta, wa'adin kuma ƙarfe 4 na yamma agogon New York, wato ƙarfe 9 na dare a Yawunde da Kano da Yamai. Mutum 37 sau 32 ya ba da 1,184, dukansu a raba su da aiki kwanaki kaɗan kafin a buɗe kaka.

A Briqueterie da Cité Verte wannan wasa ba shi da 'yan kallo sosai. Hirar majalisa ta Barcelona ce da Real Madrid, dattawa kuma su tuno zamanin Canon da Tonnerre. Amma tun da NFL ta buɗe sansanin neman matasa a Accra a 2022, ta je Kenya a 2023, ta zo Legas a 2024, labaran "ɗan Afirka ya sa hannu a Amurka" sun fara yawo a WhatsApp, da lissafin miliyoyi a ƙarƙashin hoton. Ya kamata iyaye da samari su san abin da sa hannun nan yake nufi.

Mun saba da ƙwallon ƙafa, inda dokokin FIFA ba su yarda ƙungiya ta yaga kwantiragi ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Ko wanda kocin Kamaru ya cire daga jerin masu zuwa gasar cin kofin Afirka, kulob ɗinsa zai koma, albashinsa na nan. A NFL ba haka ba ne. Yawancin kwantiragin ƙananan 'yan wasa ba su da lamuni, kuma ainihin albashi ba ya fara shiga sai kaka ta soma a watan Satumba. Mafi ƙarancin albashin sabon shiga a 2025 dala 840,000 ne, fiye da sefa miliyan 400. Wanda aka sallama a Agusta bai taɓa ko sisi daga ciki ba. Abin da ya samu shi ne ɗan alawus na mako a sansanin horo, da kuɗin sa hannu idan an ba shi.

Su wa ake kira masu cafe ƙwallo? Su ne ke tsayawa can gefen fili, su sheƙa a guje bisa hanyar da aka zana musu, mai jifa ya wurgo ƙwallo su cafe. Cikin mutum 11 da ke fili, galibi uku ne. Ƙungiya kan tara goma ko fiye a sansani, domin atisayen bazara na cin ƙafafu kuma masu jifa na buƙatar waɗanda za su jefa wa. A ƙarshe biyar zuwa bakwai za ta riƙe, yawanci shida. Uku ko huɗun farko an san su tun kafin a shiga sansani: taurari ne, ko waɗanda aka riga aka zuba wa kuɗi. Saura samari shida ko bakwai suna kokawa kan kujera biyu, kuma wasannin share fage uku kacal suke da su don nuna kansu.

Nan ne abin yake da ɗaure kai. Mutum zai zaci wanda ya fi iya cafewa shi zai tsira. Sau da yawa ba shi ba ne. Na biyar da na shida ba sa ganin ƙwallo a wasa sai wani ya ji rauni, don haka koci yana tambayar wani abu daban: me yaron nan zai yi mini ranar Lahadi idan ba a jefa masa ko ɗaya ba? Amsar tana rukunin bugun ƙafa, waɗanda ke shiga idan an doka ƙwallo sama. Wani ya tare ta ya dawo da ita, wani ya ruga ya kayar da mai dawowa da ita. Aiki ne na karo da ƙuƙuwa, ba a yi masa tafi. Matthew Slater na New England Patriots ya yi kaka 16, daga 2008 zuwa 2023, da sunan mai cafe ƙwallo, amma sau ɗaya tak ya cafe jifa a duk wasannin kaka. Wannan aikin da ake rainawa ne ya riƙe shi, har aka zaɓe shi cikin gwanayen shekara sau 10. A ganina babu misalin da ya fi wannan nuna cewa bidiyon cafiya mai ƙayatarwa da ake turawa a waya ba shi ne ma'auni ba.

Wanda aka sallama, idan bai cika kaka huɗu ba, ba ya da 'yancin zaɓen inda zai je nan take. Ana sa sunansa a jeri har washegari, kowace ƙungiya na iya ɗaukarsa da kwantiraginsa, kuma wadda ta fi shan kashi a bara ita ke da zaɓin farko. 'Yan ƙalilan ne ake ɗauka haka. Sauran sai su sa ido kan rukunin atisaye, mai mutum 16 a kowace ƙungiya: suna horo tare da manya, suna kwaikwayon abokan karawa, ana biyansu mako-mako. A 2025 ƙaramin ɗan wasa na karɓar dala 13,000 a mako, wajen sefa miliyan 7. Kuɗi ne mai kauri a idonmu, sai dai ana iya tsayar da shi kowace safiya.

Labarin 'yan Afirka ta Yamma biyu ya isa misali. Amara Darboh, haifaffen Freetown wanda ya rasa iyayensa a yaƙin basasar Saliyo, da Jehu Chesson, haifaffen Monrovia a Laberiya, tare suka yi wasa a Jami'ar Michigan, dukansu masu cafe ƙwallo. A 2017 Seattle ta zaɓi Darboh a zagaye na uku, Kansas City ta zaɓi Chesson a na huɗu. Ba yaran da aka tsinto a hanya ba ne. Amma ranar 1 ga Satumban 2018 aka sallame su su biyun, rana ɗaya. New England ta ɗauki Darboh washegari, likitocinta suka duba shi bai ci gwajin lafiya ba, ya koma Seattle cikin jerin masu rauni, kakar ta wuce shi. Chesson ya faɗa rukunin atisayen Washington, daga baya aka hau da shi, ya buga wasanni a rukunin bugun ƙafa.

'Yan Kamaru da suka yi suna a NFL, irin su Roman Oben da ya ci kofin Super Bowl da Tampa Bay a Janairun 2003, da 'yan'uwan nan Cyrus da Arie Kouandjio, ƙarti ne masu tare gaba, kuma a Amurka suka girma. Su ma matasan da ake ɗebowa daga sansanonin Afirka yawancinsu irin wannan aiki ake kai su. Girman jiki ana zuwa da shi daga gida. Karanta masu tsaron baya cikin ƙiftawar ido kuwa, da haddace ɗaruruwan hanyoyin gudu, yaran Amurka tun suna makarantar sakandare suke koyonsa.

Akwai dai ƙofa ɗaya da aka buɗe. Tun 2024 kowace ƙungiya na da gurbi na 17 a rukunin atisaye, wanda aka keɓe wa ɗan wasan da ya fito daga wajen Amurka da Kanada. Louis Rees-Zammit, tauraron zari-ruga na ƙasar Wales, ta shirin baƙi na NFL ya shiga. Kansas City ta sallame shi a Agustan 2024, Jacksonville ta ɗauke shi a rukunin atisaye a matsayin mai cafe ƙwallo, ya yi shekara bai buga wasan kaka ko ɗaya ba, kuma a bazarar 2025 ya tattara ya koma zari-ruga, ya sa hannu da Bristol a Ingila.