Binciken Abin Da Ke Damun Yalo: Ƙwaro Ne, Cuta Ce, Ko Yanayi?

A wani lambu da ke bakin fadama kusa da Zariya, na taɓa iske wani manomi ya yi wa yalonsa feshin maganin ƙwari har sau uku cikin mako biyu, amma shukar ba ta daina yaushi ba. Da muka tuge guda ɗaya muka duba, sai muka tarar babu ƙwaro ko ɗaya a jikinta. Cuta ce a cikin karan, irin wadda feshi ba ya kai wa gare ta. Kuɗinsa sun tafi, rabin lambun kuma ya bi su. Hausawa na cewa kama da wane ba wane ba ne. Yaushi dai ɗaya ne a ido, amma abubuwa huɗu ko biyar ne ke iya jawo shi, kowanne da nasa magani.

Matakin Farko: Dubi Lambun Gaba Ɗaya

Kafin ka taɓa ganye, tsaya daga gefe ka dubi yadda ɓarnar ta bazu. Idan duk shukokin sun kamu a lokaci guda, kuma da alama iri ɗaya, to ka fara zargin yanayi, ko ban-ruwa, ko taki. Ƙwari da cututtuka kuwa daga wuri ɗaya suke somawa, sa'an nan su riƙa yaɗuwa a hankali. Bayan haka sai ka tambayi mai lambu abin da aka shuka a wurin bara, da ranar da alamar ta fara bayyana.

Alamun Ƙwari

Ƙwaro ba ya ɓarna bai bar sawu ba. Idan ka ga kan reshe ɗaya ya lanƙwashe ya yi yaushi, sauran shukar kuwa lafiya lau, tsaga reshen. Sau da yawa za ka sami tsutsa a ciki tare da kashinta. Wannan ita ce tsutsar wani ƙaramin malam-buɗe-littafi mai yawo da dare, wanda masana ke kira Leucinodes. Ita ce kuma ke huda 'ya'yan yalo da gauta ta cinye cikinsu. Da yake a ɓoye take, hanya mafi sauƙi ita ce a yanke rassan da 'ya'yan da ta shiga, a binne su da zurfi.

Idan kuwa ganye ya yi ɗigo-ɗigon fari ko ɗorawa, ya kuma soma bushewa a lokacin zafi, juya bayansa ka duba. Za ka ga wasu 'yan mitsi-mitsin halittu jajaye da siririyar yana. Waɗannan dangin gizo-gizo ne, ƙafafunsu takwas, ba shida irin na ƙwari ba. Saboda haka yawancin magungunan ƙwari ba sa kashe su sosai, sai ma su kashe ƙwarin da ke cinye su, su kuma su daɗa yawa.

Alamun Cuta

Cutar da na iske a lambun nan ita ce yaushin bakteriya. Wani masani ɗan Amurka, Erwin Smith, ya bayyana ƙwayarta a shekarar 1896, kuma a yau ana kiranta Ralstonia solanacearum. Tana zaune cikin ƙasa, ta shiga ta raunin saiwa, ta hayayyafa a cikin jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa zuwa ganye har ta toshe su. Shi ya sa shukar ke yaushi alhali ganyenta kore ne shar, kuma ƙasa na da danshi.

Ga gwajin da kowane ɗalibi zai iya yi a aji. Yanko guntun kara daga kusa da gindi, ka rataya bakinsa cikin tambulan na ruwa mai tsabta, kada ka girgiza. Idan bakteriya ce, cikin 'yan mintoci za ka ga wani abu fari kamar zare yana tsiyayowa daga karan. In ba a ga haka ba, amma cikin karan ya yi ruwan ƙasa, ganyen ƙasa kuma suka fara komawa ɗorawa, sau da yawa ta gefe ɗaya, to ana zargin funfunar Fusarium. In kuma shukar ta tsumbure, tana yaushi da rana ta farfaɗo da yamma, tuge ta ka wanke saiwar. Ƙulli-ƙulli a jikin saiwa alama ce ta nematod, wata tsutsar ƙasa da ido ba ya gani.

Duk ukun nan a ƙasa suke, don haka rigakafi ya fi magani. A tuge masu ciwo a ƙone, kada a bar ruwan ban-ruwa ya bi ta kansu zuwa masu lafiya, sa'an nan a yi 'yan shekaru ana shuka masara ko dawa a wurin. Kada a maye da tumatir, ko barkono, ko dankalin Turawa, domin danginsu ɗaya da yalo, cutarsu ma ɗaya.

Alamun Yanayi

A watannin Maris da Afrilu, idan zafi ya haura digiri 35, fure kan zube ba tare da ya ƙulla ɗa ba. Rana kan ƙona gefen ɗan yalon da ba shi da inuwar ganye, wurin ya yi fari ya lotsa. Ruwan da ya kwanta kwana biyu ko uku a gindi yakan hana saiwa shan iska, sai shukar ta yi yaushi tana tsaye cikin ruwa. Ƙanƙara kuma kan yayyaga ganye a dare ɗaya. Abin lura shi ne, irin wannan ɓarna ba ta yaɗuwa, kuma sabon tofo yakan fito lafiya.

Kammalawa

Muna kira ga malaman kimiyya da su fita da ɗalibansu zuwa lambu mafi kusa, da wuƙa, da tambulan, da littafin rubutu, domin gani ya kori ji. Ɗalibin da ya iya wannan bincike zai iya hana mahaifinsa sayen maganin da ba zai yi aiki ba. Inda kuma alamun suka rikice, a kai shukar ɗungurungum, har da saiwarta, wurin malamin gona kafin a taɓa kwalbar feshi.